Kaka Ya Mutu a Tsare, Jika Ya Riƙe Mabuɗi

Akwai wani tsohon faifai da nake so duk mai sha'awar waƙar fada ya nema ya saurara, ko da kuwa ba ya jin Faransanci, ba ya jin Malinkanci. Sunansa *Regard sur le passé*, wato waiwaye. Ƙungiyar makaɗan Bembeya Jazz ta ƙasar Gini ce ta yi shi a ƙarshen shekarun 1960, kamfanin faifai na gwamnati mai suna Syliphone ya buga. Waƙa ɗaya ce tal, amma ta haura rabin awa, ta cinye gaba da bayan faifan garmaho. Yau tana nan a YouTube, kuɗin data kawai za ta ci maka.

Wanda aka yi wa waƙar shi ne Almami Samori Ture, wanda ya shekara goma sha shida yana gwabzawa da Faransa, aka kama shi a 1898, ya mutu a tsare a Gabon a 1900. Wanda makaɗan ke karɓar albashi a hannunsa kuwa shi ne shugaban Gini na farko, Ahmed Seku Ture, mutumin da ke cewa shi jinin Samori ne. Ashe ke nan waƙar salsala ce, irin wadda kunnenmu ya saba da ita: a wasa kaka don jika ya ƙara tsawo.

Na saurare ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma na tsaya a kan ra'ayi biyu da ba sa son shan inuwa ɗaya. Na farko, da wuya a sami makokin da ya kai ta kyau cikin duk abin da aka yi wa mutumin da ya mutu a hannun abokan gaba. Na biyu, gidan da ta wasa gida ne mai fursunoni da yawa, ita kuwa ɗaya ta zaɓa ta yi wa kuka.

Gidan da ya fara da kamu

An haifi Samori wajen 1830 a yankin Konya, kudu maso gabashin Gini ta yau. Mahaifinsa, Lanfiya Ture, daga zuriyar Jula yake, fataken da ke kai goro arewa su dawo da gishiri da tufafi, kamar dai yadda namu fataken ke bin hanyar Gwanja. Mahaifiyarsa Masorona 'yar gidan Kamara ce. Shi ma da fatauci ya fara. Abin da ya raba shi da kasuwa ya kai shi fagen daga shi ne kamu. Mayaƙan gidan Sise suka kawo hari, suka tafi da mahaifiyarsa cikin ganima. Ba shi da abin fansa, sai ya je ya miƙa kansa, ya zama sojansu a madadinta. Maroƙan Manding na cewa shekara bakwai da wata bakwai da kwana bakwai ya yi yana yi musu yaƙi. Lissafin na maroƙa ne, amma gundarin labarin masana tarihi ma sun karɓe shi. A can ya koyi bindiga da doki da jan runduna.

Daga nan ya kafa tasa daular, hedikwatarta Bisandugu. Ya ci Kankan a 1881, ya ɗauki laƙabin Almami a 1884. Dakarunsa, waɗanda ake kira sofa, suna samun bindigogi ta hanyar Firitawun ta ƙasar Saliyo, maƙeransa kuma suka ƙware har suna ƙera kwatankwacin na Turawa. Tsakanin 1887 da 1888 ya yi wa birnin Sikaso ƙawanya fiye da shekara guda bai ci shi ba, a nan ya rasa ƙaninsa kuma babban kwamandansa, Keme Burama. Da Faransawa suka matsa masa daga 1891, sai ya yi abin da ba kasafai ake gani ba: ya ƙone ƙasar da zai bari, ya kwashi jama'a da runduna ya yi gabas, ya sake kafa mulki a arewacin Kwadibuwa ta yau.

Ranar 29 ga Satumba, 1898, wata 'yar ƙaramar runduna ƙarƙashin Kyaftin Henri Gouraud ta faɗa masa a sansaninsa na Gelemu da safe, ta kama shi ba tare da wani gumurzu ba. Aka kai shi Kayes, aka wuce da shi Senegal, daga can aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Gabon, aka ajiye shi a wani tsibiri na kogin Ogowe kusa da garin Njole. Mutumin da ya saba da doki da sarari ya ƙare cikin ƙungurmin daji mai danshi, inda ba mai jin harshensa sai 'yan tsirarun da aka kawo tare da shi. Ciwon huhu ya kashe shi ranar 2 ga Yuni, 1900. Cikin waɗanda suka bi shi akwai amininsa kuma mashawarcinsa, Morifinjan Jabate, shi ma a can ya cika.

Mai karatu ya lura da abu ɗaya: labarin Samori da kamu ya fara, da kamu ya ƙare. Uwa a hannun Sise, ɗa a hannun Faransa.

Suna ta wajen uba, jini ta wajen uwa

An haifi Seku Ture a Farana a 1922, shekara ashirin da biyu bayan rasuwar Almami. Wanda ya ji sunan Ture a jikinsa zai ɗauka kai tsaye ya gado shi daga Samori. Ba haka abin yake ba. Masu rubuta tarihinsa sun nuna cewa Turen mahaifinsa daga wani gida ne daban. Igiyar da ta haɗa shi da Samori ta wajen uwa ta bi: mahaifiyarsa, Aminata Fadiga, ita ce aka ce jikar Almami ce ta wajen wata 'yarsa. In haka ne, Seku tattaɓa-kunne ne. Abokan hamayyarsa sun sha musanta wannan ma, amma ko an bar musun a gefe, abin dubawa shi ne yadda dacen suna ya yi aikin da salsala ba za ta iya yi ita kaɗai ba. Talaka a kasuwa ba ya tambayar ta wace kakar aka bi. Ya ji Ture da Ture, magana ta ƙare.

Abin mamaki kuma, wannan mutumin ɗan ƙungiyar ƙwadago ne, ma'aikacin gidan waya a farkon rayuwarsa, kuma gwamnatinsa ce ta soke sarautun gargajiya a Gini a ƙarshen 1957. Ya rushe gadon kowa, ya riƙe nasa. Hakimi ba zai ƙara cewa a bi shi don kakansa wane ne ba, amma shugaban jam'iyya zai iya.

Sai kalanda ma ta zo ta taya shi. A watan Agusta 1958 Janar De Gol ya je Konakiri, Seku ya gaya masa a bainar jama'a cewa gara talauci cikin 'yanci da wadata cikin bauta. Ranar 28 ga Satumba aka yi ƙuri'ar raba-gardama a ƙasashen da Faransa ke mulka. A Nijar, Jibo Bakari da Sawaba sun nemi a ce a'a, ba su yi nasara ba. Gini ce kaɗai ta ce a'a, ta zama mai cin gashin kanta ranar 2 ga Oktoba. Daga kamun Gelemu zuwa ranar ƙuri'ar, shekara sittin ne cif, saura kwana ɗaya. Ko marubucin ƙagaggen labari zai ji kunyar ƙirƙiro irin wannan dace.

A 1968 gwamnatin Seku ta dawo da ƙasusuwan Samori daga Gabon, da na Alfa Yaya Jallo, sarkin Labe, wanda shi ma ya mutu a tsare a Muritaniya a 1912. Aka sa su a hubbare a unguwar Kamayen ta Konakiri. A cikin wannan yanayi aka haifi faifan da muke magana a kai.

Abin da faifan ya iya

Kafin 'yancin kai, makaɗan zamani a Gini kiɗan Kuba da na Faransa suke kwaikwayo a gidajen rawa. Seku ya rushe wannan tsari, ya kafa ƙungiyoyin kiɗa na gwamnati a jihohi, ya sa makaɗa cikin masu albashi, ya ce su koma ga waƙoƙin iyayensu su sabunta su. An kafa Bembeya a garin Beyla a 1961, sunan kogin garin ta ɗauka, daga baya aka ɗaga ta zuwa ƙungiyar ƙasa aka mayar da ita Konakiri.

Abin da suka yi a wannan faifai shi ne suka ɗauko taken da maroƙan Manding suka daɗe suna yi wa Keme Burama, suka shimfiɗa shi a kan jita mai lantarki da ƙahonin bature da balafo, wato kayan kiɗan nan na jerin itatuwa da ƙore a ƙarƙashi da ake bugawa da sanduna. Murya biyu ke karɓa-karɓa. Ɗaya tana ba da labari da Faransanci, a natse, kamar malami a aji. Ɗaya kuma ta Abubakar Demba Kamara ce, tana rerawa da Malinkanci, wani lokaci ta yi sama kamar mai kiran wanda ya yi nisa, wani lokaci ta sauko kamar mai yi wa gawa magana a kunne. Jitar Seku Jabate tana bin ta a baya, tana kwaikwayon hannun mai balafo. Kiɗan ba ya gaggawa. Taken ɗaya ne yake ta dawowa, amma duk dawowar da zai yi ya ƙara nauyi, domin labarin ya ƙara matsawa kusa da Gelemu.

Wannan raba aiki tsakanin harsuna biyu shi ne babbar dabarar faifan. Da Faransanci aka koyar da 'yan makarantar Gini cewa Samori azzalumi ne mai shan jini, wanda Faransa ta zo ta ceci mutane daga hannunsa. Sai ga shi da wannan harshen dai ake warware maganar, a gaban waɗanda aka yi wa karatun. Malinkancin kuma aka bar masa aikin da Faransanci ba zai iya ba, wato kirari da kuka.

Kuma kukan yana da dalili. Wanda ya faɗi a fagen daga yana da shaidu, an ga inda ya tsaya, an san wanda ya ɗauko shi. Wanda ya mutu a tsare, mutuwarsa ta masu tsaronsa ce. Su ke rubuta ranar, su ke faɗin ciwon, su ke zaɓar ramin. Danginsa ba su yi masa wanka ba, ba su karɓi gaisuwa ba, ba su da kabarin da za su kai ziyara. A salsalar gida sunansa yana nan, amma wurinsa kamar giɓin haƙori yake, harshe na ta komawa can. Abin da Bembeya suka yi shi ne zaman makokin da aka yi shekara sittin da takwas ana bin bashinsa. Shi ya sa waƙar ta wuce iyakar Gini, ta shiga gidajen mutanen da ba ruwansu da jam'iyyar Seku. Duk wanda aka taɓa tafiya da nasa ba a dawo da shi ba zai gane abin da muryar Demba ke faɗi ba sai an fassara masa ba.

Waɗanda ba a yi wa kuka ba

Matsalar faifan tana cikin amsar da ya ba Turawa. Sun ce Samori mai zubar da jini ne, shi kuma ya ce wannan ƙage ne na mai neman hujjar mamaya. Rabin maganar gaskiya ce. Faransawan da ke zarginsa su ma sun ƙona garuruwa, sun raba bayi ga sojojinsu. Amma kasancewar mai zargi ɓarawo ba ya wanke wanda ake zargi.

Dawakan da sofa ke hawa daga arewa ake sayo su, kuma da mutane ake biya. Kowane doki a rundunar Almami yana da adadin 'ya'yan wasu da aka kora gaba aka kai kasuwa, irin korar da aka yi wa Masorona. A 1897 ya rusa Kong, tsohon birnin malamai da fatake Musulmi, don yana zargin mutanensa da haɗa baki da Faransa. A arewacin Gana ta yau, inda rundunar ɗansa Sarankenyi Mori ta kai har Wa, har gobe in dattawa suna ba da labarin zamanin farautar bayi, tare suke ambaton Samori da Babatu na Zabarmawa. Akwai ma shaida da harshenmu: wani Malam Abu ya rubuta labarin Zabarmawa da na Samori da Hausa cikin ajami a farkon ƙarni na ashirin. Shi kuwa Bafaranshen nan Yves Person, wanda ya yi aikin mulki a Gini, ya bi dattawa gari-gari, ya fitar da tarihin Samori cikin manyan juzu'i uku tsakanin 1968 da 1975, kuma ya fi kowa ƙoƙarin wanke shi daga sharrin littattafan mulkin mallaka, bai ɓoye cinikin bayin ba.

Sannan akwai fursuna na cikin gida. Bayan yarjejeniyar 1886, Samori ya aika ɗansa Jaule Karamoko zuwa Faris. Yaron ya ga sojoji da igwa da jiragen ƙasa, ya dawo yana cewa wannan ƙasa ba a cin ta da yaƙi. Maganar ta zame masa laifi. A 1894 aka zarge shi da haɗa kai da abokan gaba, kuma kamar yadda masana tarihi suka ruwaito, uban ya sa aka rufe shi aka hana shi abinci har ya mutu. In salsala ake nema ta gaskiya, Karamoko ya fi Seku kusa da Almami nesa ba kusa ba. Ɗan cikinsa ne. Amma ba don irinsa ake tara makaɗa ba.

Ba ina cewa waƙar yabo ta zama kundin bincike ba. Mun san ƙa'idar sana'ar. Narambaɗa bai taɓa zuwa fadar Isa don ya lissafa laifin kakannin ubangidansa ba, Ɗanƙwairo ma haka, kuma ba wanda ya zarge su da ƙarya, domin kowa ya san waƙar fada ce. Bambancin shi ne mawaƙin fada yana waƙarsa, malami na gefe yana nasa rubutu, talaka kuma yana da habaicinsa. A Ginin Seku gidan rediyo ɗaya ne, jarida ɗaya, kamfanin faifai ɗaya, jam'iyya ɗaya. Faifan Bembeya bai zo a matsayin yabo ba, da rigar darasin tarihi ya zo, har da ranaku da sunayen wurare. Yabon da ya sa rigar tarihi a ƙasar da ba mai ikon musa shi, dole a tuhume shi da abin da ake tuhumar tarihi.

Unguwar Kamayen

A unguwar da aka gina hubbaren Samori, a nan wani barikin jami'an tsaro yake, wanda da ake kira da sunan unguwar, a 1969 aka sauya masa suna zuwa Sansanin Boiro. A ciki gwamnatin Seku ke tsare waɗanda take zargi da cin amanar juyin-juya-hali, kuma wani ɗan'uwan shugaban, Siyaka Ture, shi ke riƙe da wurin. Dubban mutane sun shiga, da yawa ba su fito ba.

Cikin waɗanda suka shiga akwai Fodeba Keita, marubuci, wanda ya kafa shahararriyar ƙungiyar rawa ta Ballets Africains, wanda kuma ya yi ministan cikin gida da na tsaro, da hannunsa aka gina tsarin da ya cinye shi. An kama shi a 1969, bai sake fitowa ba. Bayan harin da sojojin Fotugal suka kai Konakiri ranar 22 ga Nuwamba, 1970, aka yi kamen da ba a taɓa gani ba, ranar 25 ga Janairu, 1971 aka rataye manyan jami'ai huɗu a gadar Tombo mutane na kallo. A 1976 aka kama Jallo Telli, sakatare janar na farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, aka ce shi ne jagoran wata maƙarƙashiyar Fulani, shekara takwas kacal bayan an karɓi ƙasusuwan sarkin Labe da girmamawa. A farkon 1977, lokacin da Bembeya ke kiɗa a bikin FESTAC a Legas, Telli na cikin Boiro. Aka yi masa abin da masu gadin ke kira baƙin azumi: a kulle ƙofa, ba ci ba sha, har rai ya fita. Ya mutu ranar 1 ga Maris, 1977.

Wanda ya san labarin Karamoko, in ya zo nan sai jikinsa ya yi sanyi. Ba na cewa zalunci a jini yake, ana gadonsa kamar kamannin fuska. Wannan ma wata ƙaryar salsala ce, irin wadda ke sa a ƙi ba mutum aure don abin da kakansa ya yi. Abin da nake cewa shi ne, labarin da gida ya zaɓa ya riƙa ba kansa yana da sakamako. In an koya maka cewa kakanka waliyyi ne da maciya amana suka kewaye, kai kuma ka dawo don ka rama masa, to duk wanda ya saɓa maka ya riga ya sami suna tun kafin ya buɗe baki. Kaka ya sha ɗauri, saboda haka jika ba zai taɓa zama mai ɗaurewa ba, ko da mabuɗin na aljihunsa. Wannan lasisin waƙar ta bayar, ko makaɗan sun nufa ko ba su nufa ba.

Akwai ma saƙon da ta aika wa masu fasaha kansu. Ta ɗaga Morifinjan a matsayin alamar amana, kuma sunan gidansu, Jabate, na maroƙa ne. Maroƙin kirki ke nan: wanda ya bi ubangidansa har rami. A daidai shekarun, Kamara Laye, marubucin da Afirka duka ta sani, yana gudun hijira a Dakar, matarsa kuma ta yi shekaru a tsare a Gini.

Waƙar ta fi ubangidanta gaskiya

Duk da haka ban iya jefar da faifan ba, kuma ga dalili. A tsakiyarsa akwai wani sashe da aka ce shi ne abin da maroƙa ke faɗa wa sarki a daular Samori. Ba yabo ba ne, sharuɗɗa ne. Suna lissafa masa abin da ke halatta zama a karaga, irin su faɗin gaskiya da yin adalci da tsare ƙasa da kare mai rauni, suna kuma gaya masa cewa in ya kasa, akwai waɗanda suka fi shi, ya ba su wuri. An sa wannan sashe don a nuna cewa Afirka ta san mulkin adalci tun kafin zuwan Bature. Amma magana zarar bunu ce. Da aka sake ta, ba ta tambayi wanda ya biya kuɗin faifai ba. Mutumin da aka tafi da ɗan'uwansa da tsakar dare yana jin ta a rediyon gwamnati, ya san wanda ta dace da shi.

A nan tsohuwar sana'ar maroƙa ta fi ƙarfin ma'aikatar yaɗa labarai. Kirarin gaske bashi ne ake ɗora wa mai sarauta. In an ce maka jikan wane, ana tuna maka ne cewa akwai ma'auni, kuma za a iya auna ka a same ka da tawaya. Seku ya so salsala ta zame masa garkuwa, sai ta zo da ma'auninta a hannu.

Demba Kamara bai ga ƙarshen labarin ba. Ya rasu sakamakon haɗarin mota a Dakar a watan Afrilu 1973, aka yi masa jana'izar ƙasa. Seku ya mutu a wani asibiti a Amurka ranar 26 ga Maris, 1984, aka kai shi hubbaren Kamayen kusa da kakan nasa. Mako guda bayan haka soja suka karɓi mulki, aka buɗe ƙofofin Boiro. Waɗanda suka fito da rai suka fara rubutu. Alfa Abdullahi Jallo, tsohon minista, ya rubuta labarin shekarunsa a ciki. Nadine Bari, Bafaranshiyar da mijinta ya ɓace a hannun gwamnatin, ta yi littattafai a kan neman inda aka kai shi. Babu jita a cikinsu, babu ƙaho, amma aikin da Bembeya suka yi wa Samori shi suke yi wa nasu: neman a ce ga ranar, ga wurin, ga ramin.

Mu da namu littattafan

Na kawo wannan sharhi a nan ne domin jarrabawar da ta sami Bembeya tana jiran duk wanda ya zauna rubuta tarihin gidansu, kuma irin waɗannan littattafai suna ƙaruwa a wajenmu. Mu ma muna da kakannin da suka mutu a hannun masu mamaya. Sarkin Kano Alu an kama shi a 1903, ya rasu a Lakwaja a 1926, kuma ba shi kaɗai ne sarkin da ke kwance a can ba. Wanda zai rubuta labarinsu yana da haƙƙin ya yi kuka, domin abin kuka ne. Amma Alu ta hanyar Basasa ya hau gado, Basasa kuwa ta bar nata gawawwakin da nata kamammun, su ma suna da jikoki, suna kuma karanta Hausa.

Kakan da ya mutu a tsare shi ne ya fi kowane kaka sauƙin wasawa. Wahalar ƙarshensa tana rufe duk abin da ya gabata, har mai rubutu ya ji kamar rashin kunya ne ya tambayi wa shi kuma ya ɗaure. Amma marubucin da bai yi wannan tambaya ba, zai iya fitar da littafi mai daɗi, sai dai wani ne zai zo ya yi amfani da shi, kuma ba a san da wace niyya ba.

A watan Disamba 2021 gwamnatin soja ta Gini ta sa wa filin jirgin saman Konakiri sunan Ahmed Seku Ture. Ƙungiyar waɗanda Boiro ta shafa ta fito ta nuna rashin yarda. Cikinsu akwai dattawan da aka tafi da iyayensu suna yara, yanzu su ma sun yi jikoki, kuma da yawansu har yau ba a nuna musu kabari ba. Samori ya jira shekara sittin da takwas kafin a kai shi gida. Telli ya kusa cika hamsin.

Ka nemi faifan ka saurara, mai karatu, ka ba shi rabin awarsa cikakkiya, kada ka tsallake. In muryar Demba ta kai ka Gabon ta sa ka hawaye, ba ka yi kuskure ba. Sai dai in ta ƙare, ka ƙara da waɗanda ba ta ambata ba: mutanen Kong, da yaran da aka musanya da dawaki, da Karamoko, da Telli. Allah Ya jiƙan wanda ya mutu a tsare, ko wane ne ya tsare shi.